Shaidu Biyu ga Rijiyar Zangon Gobe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Abbasiya a Alƙahira, bayan jinyar kwana tara. Kafin la'asar an rufe shi. Ƙasar Masar ce ta karɓe shi, shi da ya ƙare rayuwarsa yana tambayar mutane labarin ƙasarsu.

A zaman makoki na ga kuka iri-iri. Ɗaliban da suka zo karatu daga Najeriya suka cika matakalar bene suna jera Larabci mai nauyi, wannan ya ce an yi rashin malami, wancan ya ce bango ya faɗi. Bamisiren da ke gugar kaya a ƙasan benen ya rufe shagonsa, ya zauna bakin ƙofa yana share hawaye da hannun riga. Ya ce tun da suka zama maƙwabta, Shehi bai taɓa tambayarsa lafiyar iyali ba sai ya haɗa da tambayar ƙauyen ubansa. Matar Kawu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta zauna jikin kwalayen takalmin da ke jere a bango, hannunta a kan murfin ɗaya. Babban ɗansa ya iso daga Jidda a rana ta biyu, ya dubi kwalayen nan da suka kusa taɓa rufi, ya ce, "Inna, duk wannan yaya za mu yi da shi?"

Ni ban yi kuka ba. Na ji wata a bayana tana cewa, "Mai shayi dai dutse ce." Da ni take, don shayi nake sayarwa, kuma ba ta yi ƙarya ba. Hawayena tun a yammacin Sudan suka ƙare. Amma ina da abin da masu kukan ba su da shi: ni na yi faɗa da shi. Wanda ka yi faɗa da shi ka fi saninsa. Shi ya sa na ce a rubuta wannan. Ban yi boko ba, allo ma iyakata izu biyu. Matar ƙaramin ɗansa ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, kuma na gargaɗe ta kada ta yi wa maganata kwalliya.

Kawuna ne ta wajen uwa, ba na kusa ba. Kakansa da kakan mahaifiyata tare suka baro ƙasar Hausa da ƙafa, da niyyar Makka. Nasu ya wuce har bakin Nilu. Namu ya tsaya a hanya ya haƙa rijiya, kullum yana cewa gobe za a tashi, har aka sa wa wurin Zangon Gobe. Can aka haife ni, can na yi aure, can na haifi biyar. Wata safiya mahara suka zo da dawakai da motoci. Sauran ba na faɗa. Ni kaɗai na iso Alƙahira, bayan shekara biyu a hanya.

Aka kai ni wurinsa don shi ne limamin mutanenmu. Shi ke ɗaurin aure, shi ke wankan gawa, shi ke raba faɗa. Na zata wa'azin haƙuri zai yi mini kamar kowa. Ya sa matarsa ta ba ni abinci, ya bari na ƙoshi, sannan ya ce, "'Yar nan, ruwan rijiyarku garɗi gare shi ko zartsi?"

Na dube shi kamar wanda ya zautu. Shekara biyu ana tambayata mutum nawa aka kashe, a ina, da me. Ba wanda ya taɓa tambayata ruwa. Na ce da ɗan zartsi, amma yana nuna wake da wuri.

Ya yi dariya har haƙoransa uku suka fito. Ya ce, "To, wannan dole a rubuta."

Tushen aikinsa wani fasto ne. Da ƙuruciya Kawu ya yi gadin ƙofa a wani bene a unguwar Zamalek, a nan ya tsinci Turanci. Wani Bature da zai koma gida ya bar masa tarin littattafai ya zubar. Ya zubar da sauran, ya riƙe guda uku masu kauri kamar tubali. Wani malamin coci ne ɗan ƙasar Sikotilan ya tsara su, wanda ya mutu tun kafin a haifi uban Kawu. Ba addini ne a ciki ba, garuruwa ne. Kowane gari da ƙauye na ƙasarsu, an jera su bisa harafi: ga inda yake, ga kogin da ke kusa, ga kasuwarsa, ga abin da ake nomawa. Kawu ya shekara yana binsu da yatsa. Ya ce mini, "Mutumin nan har ƙauye mai gida goma da tumaki ya sa. Mu kuwa mun taka ƙasa daga Kano zuwa Bahar Maliya, zuriya bayan zuriya, ba wanda ya rubuta inda muka sha ruwa."

Sai ya ɗauki aikin. Yana yanka kwalin shayi da na sabulu ya yi kati kamar tafin hannu. Gari ɗaya, kati ɗaya. Katunan suna cikin kwalayen takalmi bisa harafi. Tambayoyinsa ba sa canjawa: kwana nawa ne a ƙafa daga babban gari, wa ya kafa, yaya ruwan yake, yaushe kasuwa ke ci. Layi na ƙarshe kuma, yadda garin yake yanzu. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yake zuwa wurin shayina a unguwar Darrasa, ya zauna kan bokiti a kife, ya tare duk baƙon da ya ji yana Hausa. Ba ya shan shayi da sukari. Ya ce zaƙi yana sa mutum yarda da abin da aka gaya masa.

"Abokina Fasto" yake kiran marubucin nan. Wani ɗalibi mai tsawon gemu ya taɓa ce masa, "Allah gafarta Malam, yaya za ka kira wanda ba musulmi ba abokinka?"

Kawu ya ce, "Na ce maka zan bi shi salla ne? Aiki na gani na yaba. Kai wane gari ne naku?"

Ɗalibin ya faɗa.

"Yaushe kasuwarku ke ci?"

Ya ce bai sani ba.

"Ka haddace nahawu, ba ka san ranar kasuwar garinku ba. Yalla, je ka buga wa uwarka waya, ka dawo mu yi maganar abota."

Amma bai bi Fasto ido rufe ba. Ya ce ba yadda za a yi mutum ɗaya ya taka duk garuruwan nan, dole an gaya masa wasu ne, kuma wanda ake gaya wa ana cusa masa ƙarya. Shi ma an taɓa cusa masa. A farkon aikin wani ya zo ya ce kakansa ne ya kafa garinsu, Kawu ya rubuta da tawada. Da labari ya kai ga ɗaya gidan, sai da aka fasa wa wani kai a wurin suna. Tun daga ranar ya kafa doka. Gari ba ya shiga da tawada sai da shaidu biyu, kowanne ya sha ruwan garin da bakinsa, kuma a tambaye su daban-daban. In maganarsu ta haɗu, su dangwala yatsa a bayan katin. Mai shaida ɗaya da fensir ake rubuta shi, a jefa shi cikin wani kwali daban da ya sa wa suna "masu jira". Ya sha faɗa cewa in an zo buga littafi, masu jira ba sa shiga.

A nan faɗanmu yake.

Ban san dokar ba sai bayan shekara. Wata Juma'a na ce ya nuna mini garinmu. Ya zaro katin, na ga rubutun dishi-dishi, ba baƙi wuluk irin na sauran ba. Ko ban iya karatu ba, na san fensir. Na ce me ya sa. Ya gaya mini.

Na ce, "Kawu, ina zan samo na biyu? Kabari zan tona?"

Ya ce, "Allah zai kawo."

"Kai fa? Ai ka san garin."

"Ji na yi a bakin mahaifiyata. Ban sha ruwan ba."

"Wato ƙarya nake."

"Ban ce ba. Na yarda da ke fiye da yadda na yarda da idona. Amma in na karya doka don ke, duk katunan nan sun zama tatsuniya. Gobe wani zai ce liman ya sa garin 'yar'uwarsa ne don son kai, ai babu wani Zangon Gobe."

Na ce masa an share garinmu da wuta sau ɗaya, shi kuma ya ajiye shi yadda ɗan yatsa mai yawu zai share shi na biyu. Na karɓe kofin daga hannunsa, shayin bai ko huce ba. Na ce kada ya ƙara zama kan bokitina. Tsoho mai furfura, a gaban ɗalibai. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya ce, "Ma'alish," wato a yi haƙuri, ya tafi. Wata goma sha ɗaya ban gaishe shi ba.

Cikin watannin nan ne gari ya hargitse, lokacin da Misirawa suka fito kan tituna. Kasuwa ta mutu, motoci suka tsaya, baƙo irina ba ya leƙa waje. Kwana huɗu ina kulle a ɗaki. A na biyar da azahar na ji sanda na buga ƙofa. Tun daga Abbasiya ya tako da ƙafa, ya ratsa shingayen da matasan unguwa suka kafa. Ban buɗe ba. Ya ce ta bayan ƙofa, "Ba shiri na zo yi ba. Burodi na kawo. Katinki kuma yana nan da fensir." Na ji saukar sandarsa a matakala har ta ɓace. Na ci burodin. Ina ci ina zaginsa.

Daga baya matarsa ta gaya mini abin da ban sani ba. Duk watannin nan, in ya ji an ce wasu sun iso daga yammacin Sudan, sai ya hau jirgin ƙasa na cikin gari ya bi su har ƙarshen layi, da ƙafarsa mai ciwo. Ya yi musu barka da zuwa, ya karanta musu fatiha, sannan ya ce, "Cikinku akwai wanda ya taɓa shan ruwa a Zangon Gobe?" Ta ce takalmi biyu ya kashe a neman shaidata. Juma'ar da ta biyo na kife masa bokitin da hannuna. Ya zauna. Na zuba masa ba sukari.

Bara ya samo shaidar.

Ya zo ba ranar Juma'a ba, ya ƙi zama. Ya ce wani mutum ya kawo masa gawar ɗansa a wanke, Balarabe daga yammacin Sudan, mai ƙafa ɗaya, yana sayar da safa a bakin tasha. Bayan an yi jana'iza Kawu ya yi masa tambayar da yake yi wa kowa, a ina da ina ka sha ruwa. Mutumin ya lissafa, cikin lissafin ya ambaci garinmu. Kwana uku daga birnin Nyala, ya ce. Rijiyar tana gindin tsamiya biyu, zurfinta ya kai gaba ashirin, ruwan da ɗan zartsi. Duk yadda na faɗa.

Na ce, "Falke ne? Albasa yake saya?"

Kawu ya ce, "Sau ɗaya ya je. Da safe."

Na gane. Butar da ke hannuna na ajiye a hankali, don kada in jefi wani da ita.

Na ce, "Bakin da ya sha ruwanmu ya tashi ya ƙone mu, shi ne zai tsaya mini shaida?"

Ya ce, "Ni ba alƙali ba ne, 'yar nan. Hisabinsa na wurin Allah. Ruwa na tambaye shi, kuma gaskiya ya faɗa. Ya dangwala yatsansa. Saura naki."

"Yatsana ba zai kwanta kusa da nasa ba."

"Shi ke nan. Katin naki ne. Ba zan sa tawada ba sai kin ce."

Wannan karon ban kore shi ba. Amma ban dangwala ba. Ya ci gaba da zuwa, bai ƙara tayar da maganar ba. Haka yake. In ya faɗi abu sau ɗaya, ya gama.

Da ya kwanta ciwo na je gaishe shi. Ya rame, sai idanu. Ya sa matarsa ta ɗauko katin, ya nuna mini ƙasansa da yatsa. Ya ce, "Kin ga layin nan? Yadda garin yake yanzu. Babu komai a kai. Ke kin ƙi faɗa, shi kuma da na tambaye shi ya sunkuyar da kai. Ni ban gani ba, ba zan rubuta ba." Na ce ya sha kununsa ya daina surutu. Maganar ƙarshe da na yi masa ke nan. Ba na nadama, ya san halina.

Ranar sadakar uku aka yanke maganar kwalaye. Babban ɗan ya so a kira masu sayen tsofaffin takardu. Uwarsa ta ɗago kai ta ce, "Sai dai su haɗa da ni." Ta faɗi wasiyya: katunan tawada a ba ɗalibai su buga, a yi littafi kamar na Fasto. Masu jira kuma su zauna a kwalinsu. Ɗaliban suka fara sauke kwalaye ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune ina kallo. Garuruwan mutane suna fita ta ƙofa, namu yana ƙarƙashin gado.

Na tashi na leƙa ta taga. Mutumin yana nan a ƙasa, jikin shagon mai guga, sandarsa a kan cinya. Kwana uku yana zuwa, bai taɓa hawowa ba. Ba wanda ya nuna mini shi. Mai ƙafa ɗaya guda nawa ne zai zo makokin Kawu ya kasa haɗa ido da kowa?

Na ce wa ƙaramin ɗan ya hawo da shi. Hawa huɗu ne, ya daɗe. Ya shigo. Na zata zan ga dodo. Tsoho na gani, mai datti a wuyan riga, yana haki.

Na sa aka ɗauko katin da alƙalamin Kawu da kwalbar tawada. Na ce wa babban ɗan ya riƙe. Da Larabci na yi wa mutumin magana, don kowa ya ji.

Na ce, "Ka sha ruwan Zangon Gobe?"

Ya ce, "Na sha, Hajiya."

"Ni ba Hajiya ba ce. Muna kan hanyar Makka kuka tare mu. Yanzu yaya garin yake?"

Ya dubi ƙasa.

Na ce, "Mai katin nan ya wanke ɗanka da hannunsa. Layi ɗaya ya rage masa. Yaya garin yake?"

Ya ce, "Babu shi. An ƙone."

"Wa ya ƙone?"

Wani ɗalibi ya fara cewa a yi haƙuri, ranar addu'a ce. Matar Kawu ta ce masa, "Rufe mana baki."

Mutumin ya ce, "Mu ne. Ina ciki."

"Rijiyar fa?"

"Mun cike ta."

Da me suka cike ta, ni na sani, shi ma ya sani. Wannan na faɗa da bakina, karo na farko tun da na baro gida. Na faɗi sunayen 'ya'yana biyar da ke cikinta. Ya ce haka ne. Babban ɗan ya ce ai doka ta ce a tambayi shaidu daban-daban. Na ce an tambaye mu daban-daban tun tuni, yau dai rubuta.

Ya bi kan fensirin ubansa da tawada, harafi bayan harafi. Kwana uku daga Nyala. Tsamiya biyu. Da ɗan zartsi, yana nuna wake da wuri. Ashe har waken Kawu ya sa. Sannan ya cike layin ƙarshe. Na juya katin, na ga yatsan mutumin a gefe ɗaya, an bar fili a ɗaya gefen. Na tsoma nawa na danna da ƙarfi.

Ban yafe masa ba. Bai roƙa ba, ni ma ban yi tayi ba. Aka saukar da shi. Na sa katin cikin kwalin harafinsa da hannuna, na bi ɗalibin da ya ɗauka har bakin titi don in tabbata.

Kawu, Allah Ya jiƙanka, Ya sa kabarinka ya yi maka faɗi, Ya shayar da kai ruwan da babu zartsi. Ka yi mini taurin kai, na yi maka, kuma kai ne da gaskiya. Da ka sa tawada ranar da na nema, da maganar mace ɗaya ce mai ɓacin rai. Yanzu duk wanda ya ce ba a taɓa yin Zangon Gobe ba, ko ya ce ba a san abin da ya same shi ba, ya je ya juya katin.

Akwai saura a kwalin masu jira. Matarsa ta ba ni shi, yana ƙarƙashin teburin shayina. Ban iya karanta su ba, amma an karanta mini sunayen har na haddace. Ranar Juma'a bokitin yana kife. Duk baƙon da ya zauna a kai, kafin in zuba masa sai na tambaye shi inda ya sha ruwa.